Dodon Sama da Ya Fito Daga Rami

Fim ɗin Rodan sai ya ci kusan rabinsa kafin mai kallo ya sa ido a kan dodon da fim ɗin ke ɗauke da sunansa. A gidan kallon da na fara ganinsa a Daura, zamanin da kaset ɗin bidiyo ke tashe, janareta na ruri a bayan zaure, wannan jan rai bai yi wa jama'a daɗi ba. A lokacin duk fim ɗin da ya fito daga gabashin Asiya na Chanis ake ce masa, wanda kuwa ya biya kuɗinsa don Chanis, faɗa ya zo gani. Sai ga shi ana ta nuna leburori a cikin rami, fitila ɗaure a goshi, suna kutsawa cikin baƙin ruwa iya ƙugu. Samarin bencin baya suka fara kiran mai gidan kallo ya tura kaset gaba. Wani dattijo da ke zaune kusa da ƙofa, wanda ya yi aikin kuza a ƙasar Jos da ƙuruciyarsa, ya ce a bar shi yadda yake, shi ya san irin wannan ruwan. Aka bari don girmansa. Har yau ina ganin a duk ɗakin nan shi kaɗai ya kalli fim ɗin yadda masu shi suka so a kalla.

Fim ɗin na Japan ne. Kamfanin Toho ya fitar da shi ranar 26 ga Disamba 1956, shekara biyu bayan Godzilla, kuma mutanen da suka yi Godzilla ne suka sake haɗuwa: Ishiro Honda ya ba da umarni, Tomoyuki Tanaka ya shirya, Akira Ifukube ya yi kiɗa, Eiji Tsuburaya ya jagoranci ƙera dodon da garuruwan da zai rusa. Shi ne fim ɗin dodo na farko da Toho ya yi mai launi. A lokacin Sarki Abdurrahman ya shekara 45 a gadon sarautar Daura, kuma abin da yawancin mutanen karkararmu suka sani na sinima shi ne majigi, motar da ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a fili ta koyar da noman gyaɗa da tsaftar gida.

Labarin ya fara a wani ƙauyen masu haƙar kwal da ake kira Kitamatsu, a tsibirin Kyushu, gindin dutsen Aso mai aman wuta (suna ne kawai ya zo ɗaya da na Abuja). Leburori biyu, Goro da Yoshizo, suka yi rigima kafin su shiga rami. Ruwa ya ɓalle a can ƙasa, aka neme su aka rasa. Da aka tsamo gawar Yoshizo sai aka ga an sassare ta. Nan take gari ya yanke hukunci: Goro ne, ai kowa ya ga faɗan. Ƙanwarsa Kiyo ta kasa ɗaga kai a cikin mutane. Waɗanda aka tura nemansa su ma gawarwakinsu aka ɗauko, zargi ya ƙara ƙarfi. Sai da wata ƙatuwar tsutsa, wadda ta fi bijimi girma, ta faso ɗakin Kiyo da dare, sannan aka gane cewa mutumin da ake ta tsine wa shi ma yana can ƙasa a mace.

Shigeru, injiniyan ramin kuma saurayin Kiyo, ya bi tsutsar tare da 'yan sanda da sojoji, rami ya rufta da shi. Da aka same shi bai shaida kowa ba, ko sunansa bai sani ba. Yana jinya Kiyo ta kawo masa sheƙar 'yan tsuntsayen da take kiwo don ya ga ƙwai na ƙyanƙyashewa. Tsagewar ɓawon nan ta dawo masa da abin da ya gani a kogo: wani ƙwai da ya fi ɗaki girma ya fashe, abin da ya fito daga ciki ya shiga tsintar tsutsotsin nan da suka gagari bindiga yana haɗiyewa ɗaya bayan ɗaya. A wurina wannan ya fi duk rushe-rushen da suka biyo baya ban tsoro. An daɗe ana nuna maka abin da ya ƙarar da maza, sai kuma a nuna maka ashe abincin jariri ne.

Jaririn shi ne Rodan, halitta daga zamanin da babu ɗan Adam a doron ƙasa, dangin ƙadangare mai fiffiken fata, wanda gudunsa ya wuce na sauti. Jirgin yaƙi ya bi shi, hular matuƙin kawai aka tsinta da jini. Shanu suka riƙa ɓacewa. Wani ango da amaryarsa suka je yawon buɗe ido dutsen Aso, kyamararsu ce ta rage, da hoton gefen fiffike a ciki. Da iska yake ɓarna. Ya wuce ta kan gadar Saikai, wadda aka kammala a 1955 ana alfahari da ita, ta karye. Ya sauka birnin Fukuoka yana kaɗa fiffike, rufin gidaje na tashi, motoci na kifewa, sojoji na tafiya da iska. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗaki a Zango ko Mai'aduwa yana kallon guguwar farkon damina tana naɗe kwanon rufin maƙwabcinsa ya san wannan kallo.

Ƙarshen bai bi yadda aka saba ba. Ashe dodannin biyu ne. Sojoji suka yanke shawarar yi wa kogonsu ruwan rokoki, wani masanin duwatsu ya ja kunne cewa hakan zai tada dutsen, aka ci gaba. Dutse ya tashi, ɗaya ya faɗa cikin wuta yana kuka, ɗayan da ya riga ya tsira ya juyo ya faɗa tare da shi. Mutanen da ke kallo daga nesa babu wanda ya yi murna. Kiyo ɓoye fuskarta ta yi.

A tuna su wa aka fara nuna wa wannan. Mutanen Fukuoka da suka shiga sinima a ƙarshen 1956 suka ga titunansu da babban kantin Iwataya suna rugujewa, shekara 11 ke nan da daren 19 ga Yuni 1945, lokacin da jiragen yaƙin Amurka sama da 200 suka ƙone tsakiyar birnin. Nagasaki ma a wannan tsibiri take. A Maris 1954 ƙurar gwajin bam na Amurka a Bikini ta sauka a kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu, Aikichi Kuboyama, ya mutu a Satumbar shekarar. Honda kansa soja ne a yaƙin, kuma ya ratsa ta Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida. Inuwar da ke wucewa ta saman gari ta bar shi toka, waɗannan mutane sun kwana da ita. Shi ya sa a cikin fim ɗin masani yake danganta farkawar ƙwan da gwaje-gwajen bam.

Tsoro na biyu a ƙarƙashin ƙafa yake. Da kwal ɗin Kyushu Japan ta sake tada masana'antunta bayan yaƙi, talakawa ne kuma ke shiga su ɗebo shi, rami na ƙara zurfi kowace shekara. Shekara bakwai bayan fim ɗin, ranar 9 ga Nuwamba 1963, ƙurar kwal ta fashe a ramin Mikawa na mahaƙar Miike, a wannan tsibiri dai, mutum 458 suka mutu. Sama da 800 suka shaƙi iska mai guba, da yawansu suka fito da taɓuwar ƙwaƙwalwa, suna mantuwa irin ta Shigeru. Su Honda ba duba suka yi ba. Sun dai saurari abin da iyalan leburori ke tsoro, suka yi masa jiki da fiffike, suka ajiye shi a gari mai suna, a kan gada mai suna.

Mu a Daura ba a buƙatar a koya mana cewa al'umma kan tattara tsoronta ta mai da shi dodo, domin namu dodon ma a rami yake. Rijiyar Kusugu tana nan cikin gari, an gina mata ɗaki, baƙi na zuwa su leƙa su sha ruwanta. Kowane yaro ya san labarin: maciji mai suna Sarki ya tare rijiya, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya iso da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce babu, yau ba ranar ɗiba ba ce. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya ɗebi ruwa. Gari ya waye, Magajiya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, masu da'awa suka yi yawa, amma mutum ɗaya ne kai yake hannunsa.

Mun fi riƙe abin da ya biyo baya: auren, haihuwar Bawo, Hausa Bakwai, asalin sarauta. Da shi ake kirari, shi ake tunawa a Sallar Gani, a kansa masana tarihi ke muhawara, kuma ya cancanci haka. Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar Ayana. Tsohuwar nan ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Ta faɗa wa baƙo yadda tsarin gari yake, kamar yadda za ta faɗa masa ranar kasuwa. Gari guda, da sarauniyarsa da mayaƙansa, ya tsara wanka da girki da shayar da dabbobi a kan kwana shida na ƙishirwa, har abin ya daina zama masifa ya koma al'ada. Sai da wanda bai saba ba ya zo ya tambayi dalili. Wanda ya fara ba da wannan labari ya san ƙasar da damina ke yin wata uku zuwa huɗu ta wuce, ya san nauyin tulu a kan gammo, ya kuma san halin mutane. A wata ruwayar ma, da aka ga macijin a yashe, manyan gari sun yi ta kewaye shi daga nesa, sai Kaura ne ya iya matsawa ya taɓa shi ya tabbatar ya mutu.

A je ƙauyukan Baure ko Sandamu a watan Afrilu a ga layin jarkoki a bakin burtsatse tun kafin asuba, a ga yarinyar da ya kamata tana aji tana jan igiya, a ga 'yan garuwa a cikin gari suna tura kura cikin rana. In ka tambaya, amsar Ayana za ka ji: haka ake yi a nan, sai damina. A Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mata 33 ne da yara 52 a ciki, yawancinsu daga yankin Kance, maƙwabtanmu na tsallaken Kwangwalam, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su.

Dodon sama kuwa muna da shi tun kafin a ƙirƙiri kyamara. Tsofaffi sun ba mu labarin ranar da gari kan yi duhu da rana tsaka, a ji wani irin ƙugi daga arewa, kafin la'asar gero ya koma kara. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tarin farin ɗango mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fari kusan miliyan 40, kuma a yini guda suna cin abin da mutum 35,000 za su ci. Suna iya tafiyar kilomita 150 a rana. A 2004 sun sauka a Nijar, ga ƙarancin ruwan sama, abin da ya jawo yunwar 2005 da ta fi tsanani a Maraɗi da Damagaram. Ga kuma tsuntsun jan-baki, wanda saboda shi yara ke wuni a gona kan rumfa, da majaujawa a hannu, suna jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, suna ihu har murya ta dushe. Rodan bai taɓa hana kowa abincin shekara ba. Namu ya yi, sau da yawa.

Sai ramuka. Nan ne fim ɗin 1956 ya daina zama labarin wata ƙasa mai nisa. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Ingila ta rasa kuzar Malaya a hannun Japan, Turawa sun tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da iyayenmu ke kira diban gwamna. Sanyi da yunwa da ciwo suka kashe da yawa. Yaƙin da ya ƙone Fukuoka shi ne ya tura kakanninmu rami. Yau babu mai tilastawa sai talauci. Saurayi ya gama girbi, ya sayar da akuya, ya sayi diga da shebur da tocila, ya nufi inda aka ce zinare ya fito. Daga 2014 wasu har Jado suke kaiwa, can ƙuryar hamadar Nijar. A farkon Nuwamba 2021 rami ya rufta da masu haƙar zinare a Garin Liman, yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, dab da iyakar Katsina, aƙalla mutum 18 suka mutu. Ramukan nan babu itacen tokare na kirki, wani yana haƙa a ƙarƙashin wani, wanda ke ciki kuma igiya ce kawai tsakaninsa da duniya.

Abin da ya faru a Zamfara ya fi kowanne kama da fim ɗin, har da yadda alamu suka zo aka wuce su. A farkon 2010 agwagi suka fara ƙarewa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Sai yara ƙanana suka fara amai da farfaɗiya suna mutuwa. Aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi aiki ba. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka gwada jini sannan aka gano gubar dalma ce. Dutsen zinaren da maza ke ɗebowa a buhu cike yake da dalma, a cikin gida ake daka shi da turmi, a niƙa shi da injin niƙa, ƙura ta kwanta a tsakar gidan da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka mutu a Dareta, 'Yargalma, Abare, Bagega da maƙwabtansu, dubbai suka rayu da gubar a jikinsu. Wasu iyayen sun ɓoye mace-macen don gudun kada a hana haƙa, kuma ban ga laifin da zan ɗora musu ba, domin wanda ya ga kuɗi a karon farko a rayuwarsa ba ya saurin yarda cewa su ne ke kashe masa ɗa. An tono abin da ke kwance a ƙasa shekaru aru-aru, ya biyo mutane har cikin ɗaki, kamar yadda tsutsar nan ta shiga ɗakin Kiyo.

Ina kallon finafinanmu na Hausa, ina kuma son su. Sai dai idan abin tsoro ya fito a cikinsu, yawanci aljani ne ko tsafin kishiya, a wani daji da ba shi da suna, kuma kafin a tashi an yi addu'a ya ƙone, kowa ya koma gida. Addu'a makamin mumini ce, babu mai ja. Amma irin wannan labari yana sallamar mai kallo da cewa sharri daga waje yake zuwa, babu hannunmu a ciki, babu kuma abin da za mu gyara gobe da safe. Rodan bai sallami mutanensa haka ba. Ya nuna musu cewa su suka haƙa, su suka yi saurin zargin talaka, su suka ƙi jin masanin da ya ja kunne, kuma ya sa sun ji tausayin abin da suka kashe.

Za a ce kuɗin yin irin wannan fim ne babu. Toho babban kamfani ne, gaskiya, amma a duba da me aka yi aikin. Babu kwamfuta. Mutum ne, Haruo Nakajima, a cikin rigar roba, an rataye shi da wayoyi, har wata rana waya ta tsinke ya faɗo daga sama cikin ruwan da aka tara don wurin gadar. Birnin Fukuoka da aka rusa da hannu aka gina shi, ƙananan gidaje da allunan kantuna da rufi ɗaya bayan ɗaya, bayan ma'aikata sun je birnin sun auna sun ɗauki hotuna, sannan aka sakar masa iskar manyan fankoki. Wutar dutsen narkakken ƙarfe ce. Zafinta ya tsinke wayar da ke riƙe da ɗaya daga dodannin ana cikin ɗauka, ya faɗo ba a shirya ba, Tsuburaya ya duba ya ga faɗuwar ta fi wadda aka tsara taɓa zuciya, ya bar ta. Ƙasar da maginanta suka ɗaga bakan gizon fadar Daura da ƙasa da azara, da dukawa da maƙera da masassaƙa a kowace unguwa, da yaran da ke ƙera mota da kara da langa-langa har da ƙofar da ke buɗewa, ba za ta ce ta rasa hannu ba.

Abin da ke da wuya shi ne marubucin da zai yarda ya kira gari da sunansa, ya nuna lebura a matsayin mutum mai ƙanwa da budurwa da bashi, ya kuma jure wa mai kuɗin fim idan ya ce a cire ramin a ƙara waƙa. Zai buƙaci ya bar ofis a Kano ya je ya zauna da mutanen da abin ya shafa. Waɗanda suka ga diban gwamna sun kusa ƙarewa, yawancinsu sun tafi da labarinsu ba wanda ya ɗauka. Matan da suka daka dutse a Bagega suna nan da ransu, haka samarin da suka tono 'yan'uwansu a Garin Liman, kuma duk garuruwa ne da mota ke zuwa.